Tun Ranar da Oyin Ta Daina Zuwa

Litinin, 13 ga Mayu, ƙarfe 4:30 na yamma

Yau ma Oyin ba ta zo makaranta ba. Kwana huɗu ke nan, ban da Asabar da Lahadi.

Na ɗora jakata a gefenta na benci don kada wani ya zauna. Da Misis Nkechi, malamar ajinmu, tana kiran suna ta zo kan "Oyindamola", sai wani daga baya ya yi tari. Tarin ƙarya. Wani ya karɓa, wani ya karɓa, har rabin aji na tari suna dariya ƙasa-ƙasa. Misis Nkechi ta ɗago kai ta ce, "Mura ce ta kama SS2 gaba ɗaya?" Ba ta gane ba. Malamai ba su cikin guruf ɗin aji.

Ni ban yi tari ba. Ina so a ce an rubuta wannan a wani wuri.

Ragowar littafin Lissafi na bara ne nake rubutu a ciki. Da can in abu ya tsaya min a rai, Oyin nake gaya wa.

Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe 6:40 na safe

Na tura mata "Ina kwana." Alama ɗaya. Wayarta a kashe take tun Laraba.

Talata, bayan Magariba

Alama ɗaya.

Laraba, 15 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Sakan arba'in da ɗaya ne bidiyon Oyin da ake ta yaɗawa. Tana zaune a ƙasa a ɗakinta na Sabon Gari, ta jingina da gado, labulen nan ruwan ɗorawa a bayanta. Kwalbar maganin tari a hannunta. Tana son ta yi waƙar da suke yi a coci, harshenta ya yi nauyi, idonta na rufewa yana buɗewa. Can sai ta daina waƙar ta ce, "Ku bar ƙofa a buɗe, Dadi zai dawo."

Babanta ya rasu a hatsarin mota watan Nuwamba. Duk ajinmu sun sani, har da su muka je gaisuwa.

Wannan maganar suka yanka suka sa mata kiɗa. An yi sitika da fuskarta, an rubuta "Madam Kodin". Daga guruf ɗinmu ya tafi na wasu makarantu, daga nan wani ya ɗora a TikTok. Jiya da na duba, mutum dubu talatin da wani abu sun kalla. Mutanen da ba su taɓa ganin ta ba suna rubuta yadda ya kamata a yi da ita. Wani ya ce 'ya'yan Sabon Gari ai dama haka suke. Wani ya ce ya san shagon mamanta a kasuwa, ya faɗi layin.

Ba su san ita ce ta ɗaya a ajinmu tun JSS1 ba. Ba su san in ta yi dariya sai ta riƙe hannun wanda ke kusa da ita ba.

Kowa na tambaya wa ya ɗauka. A'a, ƙarya nake. Ba mai tambaya. Ni kaɗai nake jira a tambaya.

Juma'a, 17 ga Mayu, ƙarfe 3:15 na rana

Abin ya iso gidanmu. Ina shigowa Umma ta ce, "Naila, zo nan." Wayarta na hannunta, wata ce ta turo a guruf ɗin matan Islamiyyarsu na nan Samaru, wai iyaye su sa ido.

"Wannan ba 'yar Maman Oyin ba ce?"

Na ce ita ce.

Umma ta yi salati ta zauna a bakin kujera. Shekara goma sha biyar tana sayen atamfa a shagon Maman Oyin. Can ta ce, "Kin san tana sha?"

Na ce ban sani ba.

"Daga yau ba ke ba gidan nan. Zuwa darasin Lissafi na Asabar ɗin ma an gama. Allah ya shirya ta, amma ke tawa ce."

Na ce to. Bakina ne ya faɗa, da sauri ma.

Asabar, 18 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Yanzu da ina cikin napep mun wuce Kwangila. Da na sauka PZ na taka zuwa layinsu, in sayi awara a bakin hanya, ta naira ɗari biyu, yaji a gefe saboda ita ba ta son a barbaɗa. Da na same ta ba ta yi wanka ba tana cewa, "Malama ta iso, a tashi a gaishe ta." Alhali ita ke koya min.

Momi, haka nake kiran mamanta, takan bar mana amala a kula kafin ta tafi kasuwa. Ranar farko da na ci miyar ewedu na ce ai wannan lalo ce kawai, Oyin ta yi dariya har ta riƙe min hannu. Ita kuma in ta zo Samaru sai ta shige kicin ta ce, "Umma, yau ba dambu?" Hausarta ta fi Yarabancinta. A nan aka haife ta, a nan aka haifi mamanta.

Na wanke kayan makaranta, na share tsakar gida sau biyu. Har yanzu sha ɗaya ba ta yi ba.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe 4:10 na yamma

An zauna a wurinta. Na fita alwala, na dawo na tarar an sauke jakata ƙasa.

Nana Aisha ta kira ni lokacin tara, ita da 'yan rakiyarta, ta miƙo min biskit. Ta ce, "Ke yanzu tamu ce fa." Shekara biyu ina son yarinyar nan ta san da ni a ajin. Na karɓi biskit ɗin. Yana cikin jaka har yanzu.

Talata, 21 ga Mayu, ƙarfe 6:30 na safe

"Oyin don Allah." Alama ɗaya.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan Isha'i

Ɗaki ɗaya muke da Yaya Zubaidatu. Tana aji uku a jami'a, karatun haɗa magunguna, ba ta cika magana ba in tana da gwaji. Ɗazu tana ninke kaya, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Na ga bidiyon ƙawarki."

Na buɗe littafi kamar ina karatu.

"Akwai hijabi a kan gadon. Ruwan toka, mai ɗinkin baƙin zare a baki. Ni na ba ki shi da ƙaramar Sallah."

Na ce irinsa da yawa a kasuwa.

Ta ce, "Haka ne." Ta ci gaba da ninkin. Da ta gama ta ce, "Abin da take sha ɗin nan ba wasa ba ne, Naila. Yana rage numfashi. Mutum sai ya kwanta barci, ya tafi daga nan. In kin san wani abu, gara babba ya sani." Ta ɗauki littafinta ta fita falo.

Na cusa hijabin a ƙasan akwati.

Juma'a, 24 ga Mayu, ƙarfe 1 na rana

An kai Oyin asibiti jiya.

Juma'a, ƙarfe 5:40 na yamma

Misis Nkechi ce ta faɗa da safe. Ta ce kowa ya yi mata addu'a a yadda yake yi. Ba wanda ya yi tari.

An ce Momi ce ta dawo kasuwa da wuri saboda hadari, ta same ta a ɗaki. An ce ba kwalba ɗaya ba ce. An faɗi wani abu kuma, ba zan rubuta shi ba.

Guruf ya yi tsit tun safe. Mutane na ta goge abin da suka tura, duk shafin ya zama "an goge wannan saƙo, an goge wannan saƙo". Da aka tashi Nana Aisha ta tare ni bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ba biskit yau. Ta ce, "Ni dai turo min aka yi. Kin san daga wayar da ya fito. In kika buɗe baki, kanki za ki fara jefawa."

Na dawo gida na yi alwala na yi sallah, na rasa abin da zan roƙa. Na ce Allah ka bar ta. Shi kaɗai na yi ta maimaitawa.

Asabar, 25 ga Mayu, ƙarfe 7 na safe

Na buɗe hirarmu na koma can sama ina karantawa. Akwai saƙon murya da ta turo min watan Oktoba, babanta na da rai, ana jin sa daga nesa yana cewa ta rage surutu. Tana cewa, "Nai, kin yi lamba ta bakwai? Ni ta ƙi fita, ina ga littafin ne ya yi kuskure." Na saurara sau goma sha ɗaya.

Lahadi, 26 ga Mayu, ƙarfe 6 na yamma

Yaya Zubaidatu ta ce ma Umma za ta raka ni asibiti. Umma ta shiga kicin ta dama kunun gyaɗa ta zuba a fulas. Ta ce, "Ku ce ina gaishe ta. Ku ce ina nan tafe."

Mun sami Momi a benci a bakin ɗakin mata. Ba ɗankwali a kanta, ban taɓa ganin ta haka ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta karɓi fulas ɗin ta ajiye a ƙasa. Ta ce Oyin ta farfaɗo, tana barci, likita ya ce ba baƙi tukuna.

Sai ta ce, "Naila, 'yata. Kin san tana sha?"

Yaya na tsaye a bayana. Na ce, "Na sani, Momi."

"Tun yaushe?"

"Tun Janairu."

Na gaya mata yadda aka fara. Tari ne ya kama Oyin bayan rasuwar, ta sha magani, ta ga ranar ta yi barci ba ta yi mafarkin motar ba. Tarin ya warke, ita ba ta daina ba. Akwai mai kemis a bayan layinsu da ba ya tambayar takarda. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba.

Momi ta kalle ni, ta daɗe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Duk Asabar kina cin abinci a gidana."

Ba ta tambaye ni bidiyon ba. Ina ga ba ta buƙata.

Ta tagar ƙofa na hango ƙafar Oyin kawai, ta leƙo daga ƙarƙashin zani. Ragowar lallen da na sa mata da ƙaramar Sallah na nan a farcen babban yatsa, ya kusa fita.

Muka hau napep zuwa Samaru. Yaya ta bar hannunta a kan gwiwata har muka iso.

Talata, 28 ga Mayu, ƙarfe 4:45 na yamma

Zan rubuta shi yau, in ga ko hannuna zai iya.

Ni na ɗauka. Ranar wata Asabar ce a watan Afrilu. A na asalin akwai dariya a ƙarshe, sun yanke ta. Tawa ce.

Ni na tura. Mutum ɗaya na tura wa, ranar Lahadi biyar ga wata. Ranar Asabar, ana gobe zan tura, na ce ma Oyin ta daina, in ba haka ba zan gaya ma Momi. Ta ce, "Ke ba uwata ba ce. Ki fara cin Lissafi da kanki tukuna kafin ki gyara ni." Na tafi ban yi mata sallama ba. Washegari Nana Aisha ta yi min magana a waya, karo na farko, tana cewa wai Oyin za a ba shugabar ɗalibai, wai ita waliyyiya ce ta malamai. Na rubuta, "Ba ku san ta ba." Ta ce in nuna mata. Ta rantse ba za ta tura ma kowa ba.

Na danna. Ko minti ɗaya ban yi ina tunani ba.

Talata, bayan Magariba

Ni ma na sha. Sau ɗaya.

Sau biyu. Ranar bidiyon ce ta biyu, shi ya sa nake dariya.

Alhamis, 30 ga Mayu, ƙarfe 5:20 na yamma

Na gaya ma Yaya jiya, duka. Ta tambaye ni ko tun lokacin na sake sha, na ce a'a. Ta ce ko ina jin sha'awarsa. Na ce ranar Juma'ar nan na tsaya a gaban wani kemis a hanyar Bomo, na daɗe, sannan na wuce. Ta ce, "In ya sake zo miki, ni za ki fara gaya wa, ko ina cikin aji ne."

Yau lokacin tara na je ofishin Misis Nkechi. Na miƙa mata wayata a buɗe, ta ga ranar, ta ga wadda na tura wa. Ta karanta ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Kin san abin da zai biyo baya?" Na ce na sani. Ta ce, "Me ya sa yanzu?" Na ce saboda Oyin na can tana tunanin duk duniya ce ta yi mata, alhali mutum ɗaya ne ya fara.

Ban san ko hakan yana da ma'ana ba. Ta dai rubuta.

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe 2 na rana

An kira iyaye. Mu shida aka kora na mako biyu: ni, Nana Aisha, da huɗu da suka yi sitika da kiɗan. An rufe guruf ɗin aji. Shugaban makaranta ya ce za su rubuta a sauke na TikTok, amma wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba yadda za a yi.

Abba ya zo daga ofis da rigar aiki. Ya saurari komai, ya sa hannu a takarda, ya ba malamai haƙuri. A mota bai kunna rediyo ba. Da muka iso gida ya miƙo hannu, na sa masa wayata. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Umma ta yi kuka a ɗaki. Da ta fito ta ce, "Ni ina hana ki zuwa gidansu don kada ta ɓata ki." Ba ta ƙarasa ba.

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe 11 na safe

Yaya ta ce sun buɗe sabon guruf, yanzu ni ce a ciki. Hotona na ranar wasannin makaranta, an rubuta "Munafuka" a goshi. Ta ce kada in nemi gani. Ban nema ba.

Abin da ya ba ni mamaki, ko ban gani ba ina jin sa a jikina. Na je sayen omo a shagon bakin layi, yara biyu na kallon waya suna dariya, sai na ji ƙafata ta ƙi tafiya. Wataƙila ƙwallo suke kallo.

Ni kwana biyu ke nan. Ita ta yi kwana goma sha shida a ɗaki ita kaɗai da wannan.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe 10 na safe

Asabar.

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe 6 na yamma

Abba har yanzu gaisuwa kawai yake amsawa. "Lafiya." Ya wuce.

Umma ta je Sabon Gari yau, ita kaɗai. Ta dawo ta ce an sallamo Oyin tun Alhamis, tana zuwa ganin likita duk bayan kwana uku. Momi ba ta buɗe shago ba tun da abin ya faru, mutane na zuwa layin suna nuna ƙofar. Ta ce sun zauna sun yi kuka tare, ita da Momi.

Na ce, "Ta tambaye ni?"

Umma ta ce, "Wa?"

Na ce ba kowa.

Alhamis, 13 ga Yuni, bayan La'asar

Za a kai ta Ogbomosho, wurin ƙanwar babanta mai aikin jinya. A can za ta ƙarasa makaranta. Umma ce ta faɗa tana tsince shinkafa, kamar ba da ni take ba.

Sau biyu Oyin ta taɓa zuwa can. Ta ce min suna ce mata 'yar Hausa, in ta yi Yarabanci sai yara su yi ta dariya. Wa zai saya mata awara a can? Wa ya san ba ta son a barbaɗa yaji?

An yi ruwa tun azahar. Na zauna a bakin ƙofa har ya ɗauke.

Lahadi, 16 ga Yuni, ƙarfe 4 na yamma

Babbar Sallah. An yanka rago, gida cike da hayaƙi da baƙi. Na sa sabon kaya saboda Umma ta ce in sa.

Tana kasa nama a roba-roba na maƙwabta, sai ta ware cinya guda ta sa a babban kwano, ta ƙara soyayye a sama. Ta ce, "Na gidan Maman Oyin. Gobe ke za ki kai." Na kalli Abba. Yana wanke wuƙa a bakin famfo, bai ɗago ba, bai kuma ce a'a ba.

Litinin, 17 ga Yuni, ƙarfe 5:30 na yamma

Na gan ta.

Yaya ta raka ni har bakin layi ta ce za ta jira a PZ. Momi ce ta buɗe ƙofa. Ta karɓi kwanon ta ce a yi ma Umma godiya, barka da Sallah. Na tsaya. Ta kalle ni, sannan ta matsa gefe ta ce, "Tana ciki. In ta ce ki fita, ki fita."

An cire labulen. Ɗakin ya yi haske da yawa. Oyin na durƙushe a gaban jaka tana cusa littattafai. Ta rame, an yi mata aski ƙasa-ƙasa, wuyanta ya yi tsawo. Ta ɗago ta gan ni, ta ci gaba da abin da take yi.

Na ce, "Oyin, ni ce na tura."

Ta ce, "Na sani. Mu biyu ne a ɗakin."

Duk abin da na shirya a napep ya gudu. Na ce mata na ji haushin maganar Lissafi ne. Da na faɗa da baki sai na ji ƙanƙantarsa, na so ƙasa ta buɗe.

Ta ce, "Wani ya turo min na asalin kafin Momi ta karɓe waya. Na kalla ya fi sau ɗari. Ba kwalbar nake kallo ba. Ina cewa Dadi zai dawo, ke kina dariya."

Na ce ni ma na sha ranar.

"Na sani. Ni na ba ki." Ta cusa wani littafi a jakar. "Wannan laifin nawa ne. Na gaya ma likita."

Na fara kuka, ta bar ni na yi. Ita ba ta yi ba. Ta ce kwana ashirin da biyar ke nan ba ta sha ba, tana ƙirgawa, kuma har yanzu in yamma ta yi jikinta na nema. Ta ce barci ba ya zuwa sosai, amma jiya ta yi mafarkin babanta yana gyara fanka, ba mota a ciki.

Na ce ta yafe min.

Ta ce, "Fasto ya ce in yafe. Likita ya ce kada in tilasta ma kaina. Na bi likita." Sai ta nuna jakar. "Zo ki danne min nan in ja zif."

Na hau kan jakar da gwiwa, ta ja, ya ƙi, muka cire littafi biyu, ya ja. Momi ta turo mana soyayyen naman a faranti. Oyin ta ɗauki tsoka ɗaya ta ci a hankali. Ta ce, "Wa ya zo na ɗaya a gwajin Lissafi na tsakiyar zango?"

Na ce ni.

"Don ba na nan."

Na ce na sani. Bakinta ya motsa kaɗan. Hannunta ya taso kamar zai kamo nawa, sai ta mayar da shi kan cinyarta.

Da zan tafi ta yagi takarda ta rubuta adireshin gwaggonta. Ta ce ba za a ba ta waya ba sai ƙarshen shekara, ita ma ba ta so. "In kina so ki rubuto da biro. Ban ce zan amsa ba." Ta ce gobe da safe za su tashi daga Kwangila. "Kada ki zo tasha, Nai."

Ta ce Nai.

Talata, 18 ga Yuni, ƙarfe 7:15 na safe

Ban je ba.

Talata, ƙarfe 9 na safe

Yanzu sun wuce Jaji. Wataƙila sun shiga Kaduna.

Talata, bayan Magariba

Abba na zaune a tsakar gida yana shan shayi. Na daɗe a bakin ƙofa da takardar a hannuna, sannan na je na durƙusa. Na ce, "Abba, har yanzu gidan waya na kai wasiƙa?"

Ya karɓi takardar ya karanta adireshin, ya juya bayanta, ya sake juyowa. Ya ce rabonsa da aika wasiƙa tun kafin a haifi Yaya Zubaidatu, bai sani ba ko suna yi.

Na miƙa hannu in karɓa in tashi. Bai sake ta nan da nan ba.

Ya ce, "Gobe in kin dawo makaranta ki shirya. Sai mu je mu tambaya."